Yadda za ki shirya rumfar abincinki kafin duba-gari ya zo

Yawancin masu fara sayar da tuwo ko shinkafa da wake a kasuwannin ƙauye irin su Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis, da sun ji an ce duba-gari zai zagayo sai su rarumi tsintsiya su share gaban rumfa. Shi kuwa bayan rumfar yake fara nufa, inda ake wanke-wanke.

Ki fara da takarda. Ki je sashen lafiya na sakatariyar ƙaramar hukumarku, ki ce kina son a yi miki rajista a matsayin mai sayar da abinci. Za su tura ki asibiti gwajin jini da na bayan gida, saboda cututtuka irin su taifot da ciwon hanta, waɗanda mutum kan yaɗa alhali shi yana jin kansa garau. Yarinyar da ke taya ki zuba abinci ma sai an gwada ta, kada ki ce za ki tsallake don rage kuɗi. Duk abin da kika biya, ki karɓi rasit ki adana tare da takardar a cikin leda.

Sai ruwa, kuma a nan ne kusan kowa ke faɗuwa. Baho ɗaya ake cikawa da safe, a yi ta tsoma kwanuka har la'asar, ruwan ya yi kauri, mai yana yawo a samansa, ƙuda ya yi dafifi a bakin bahon. Kwanon da ya fito daga nan bai wanku ba. Baho uku nake so ki ajiye: na omo da soso, na ɗauraya ta farko, da na ɗauraya ta biyu. Da na farkon ya canza launi ki zubar. Na san kowace jarka da kuɗi ake sayenta a wajen ɗan garuwa, amma ki sa kuɗin cikin lissafin jari kamar yadda kike sa na itace.

Randar sha kuma ki raba ta da modar da kowa ke tsomawa da hannunsa. Da damina, lokacin da amai da gudawa ke ɓarkewa, hannu ɗaya mai ƙazanta ya isa ya gurɓata randa sukutum. Ki sayi bokiti mai famfo guda biyu, ɗaya na sha, ɗaya na wanke hannu da sabulu a gefensa. Kwanon wanke hannu da mutum goma za su tsoma a ciki ba shi da gurbi a rumfarki. In ruwan rijiya ne, ki tafasa. Ruwan da kika zubar ma duba-gari zai bi shi ya ga inda ya kwanta, don haka ki haƙa rami ki cika da tsakuwa, nesa da murhu.

Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye yana hucewa. Ko dai ya zauna a kan garwashi da zafinsa, ko ki riƙa dafa kaɗan-kaɗan. Miyar da ta kwana ba na yarda a haɗa ta da sabuwa. Gari da shinkafa a rufe su a roba mai murfi saboda ɓera, shi ke kawo zazzaɓin Lassa. Fiya-fiya kuma kada ta kusanci inda abinci yake.

Ran da ya zo, ki yanke farce, ki ɗaura kallabi, ki miƙa takardunki. In ya ba ki takardar gargaɗi, ki duba wa'adin da aka rubuta ki gyara kafin ya cika, domin in ya wuce maganar tana iya kai wa kotu da tara.