Garin mastad: inda ake ɓata shi tun daga ruwan kwaɓi

Ranar da na fara kwaɓa garin mastad, wata 'yar ƙwaya da ake niƙawa a yi abin dangwala nama da ita, a gidanmu na Mabera, cikin watan Afrilu ne, za mu gasa kaji da yamma. Na tari ruwan famfo da azahar na zuba kan garin, nan take na bi shi da ruwan khal. Gwaggo ta dangwala da yatsa ta lasa, ta yamutsa fuska ta ce, "Ke ɗiyata, maɗaci kika sa ma wanga abu?" Ba maɗaci, kuskure biyu na tafka a kwano ɗaya.

Na farko ruwan ne. Wanda ya san bazarar Sakkwato, lokacin da zafi ke haura maki 40, ya san ruwan tankin kan rufi da rana kamar daga kan murhu aka sauke shi. Shi kuwa mastad, wanda Larabawa ke kira hardal, ba kamar barkono yake ba. A bushe ba shi da yaji, ki shinshina garin ki ji shiru. Akwai wani sinadari a cikin ƙwayar mai suna mirosines, sai ya jiƙa yake farkawa ya haifar da yajin nan mai hawa hanci ya sa ido ƙwalla. Ruwan zafi yana raunana shi, tafasasshe kuma ya kashe shi, a bar ki da ɗaci zalla. Don haka ki ɗebo na randa ko na firji. Cokali ɗaya na gari, cokali ɗaya na ruwa, ki dama har gudaji su mutu, ki rufe.

Na biyu gaggawar zuba tsami. Khal ko lemon tsami suna taka wa aikin sinadarin birki, in suka riga shi shiga ba zai kai inda ya kamata ba. Ki ba kwaɓin minti 10 zuwa 15, sai kin buɗe kin ji ya daki hancinki, sannan ki zuba khal kamar rabin cokali, da ɗan gishiri, da zuma in kina so. A nan tsamin zai riƙe yajin a inda ya tsaya. Wasu kuma sun ji ana tsoron khal sai su ƙi sawa sam, kafin a gama gashi yajin ya gudu. Amma fa in yara za su ci da burodi da ƙwai, zuba khal da wuri dabara ce, don yana fitowa ba yaji sosai.

Ko kin bi duk wannan, sabon kwaɓi yana da ɗan ɗaci, kuma a nan mata da yawa ke kai hannu ga sukari, su yi ta antayawa har ya koma kamar alewa. Ki bar shi. Kwana biyu ko uku a firji, ɗacin zai kwanta da kansa. In na naman Sallah ne, tun kafin ranar Arfa za ki kwaɓa. Haka batun kauri: da farko za ki ga ya yi ruwa-ruwa, kada ki ƙara gari, yana sha yana kumbura.

Kala ba matsala ba ce. Rawayar nan mai haske ta mastad ɗin Amurka kurkur ne ke ba ta ita, ɗan kaɗan a bakin cokali ya isa. Ko garin Colman's, kamfanin Ingila da ya faro tun 1814, in kin kwaɓa shi bai kai ta haske ba.

Kada ki ajiye shi a kwanon alminiyam, tsami na cin ƙarfen ya ɓata ɗanɗano. Kwalba mai murfi ta fi. Gishiri da khal na hana shi saurin lalacewa, sai dai zafi yana zuƙe yajin, kuma kin san yadda wuta take a garin nan. Ni kaɗan nake yi, na mako ɗaya ko biyu, in firji ya huce in kai kwalbar gindin randa in binne rabinta cikin jiƙaƙƙen yashi.

A girki kuma, in kin shafa wa kaza kafin gashi ƙamshi za ki samu, wuta za ta cinye yajin. Mai son ya ji shi a hanci sai an sauke naman, ya ɗiba a gefen faranti ya dangwala, kusa da yajin ƙuli da albasa.