Yadda ake sayar da gida a Kano idan kasuwa ta daidaita

Akwai lokacin da masu neman gida suke yi wa gidaje yawa, mai gida ya yanka kuɗi a yi ta rububi. Akwai kuma lokacin da gidaje ke jibge, ko mai tayawa babu. Tsakanin waɗannan ne kasuwar da ta daidaita: masu saye suna nan da kuɗinsu, amma suna da zaɓi. Wanda ya ga gidanka a Rijiyar Zaki da safe, kafin la'asar ya leƙa wani a Tudun Yola ko Danbare. Ba za a yi maka tayin wulaƙanci ba, amma ba mai jiran ka gama shiri. Don haka yawancin aikin kafin a ji labarin gidan ake yin sa.

Fara da takardu. Idan gidan yana da satifiket na gwamnati, duba ko sunanka ne a kai, ka biya kuɗin ƙasa da aka biyo ka, domin mai saye mai hankali zai tura lauyansa KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, ya bincika fayil ɗin. Idan filin awon igiya ne, wato wanda ba gwamnati ta yanka ba, tattaro duk takardun ciniki tun daga mai gonar farko, da sa hannun mai unguwa da dagaci. Idan an gina da izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, haɗa da takardar.

Gidan gado kuwa, nan ne ciniki ya fi rushewa. Kada ka kai shi kasuwa sai an raba gadon, ko kuma duk magada sun yarda a rubuce sun wakilta mutum ɗaya. 'Yar'uwarku da ke aure a Kaduna, wadda aka ce "ai ba za ta ƙi ba", ita ce za ta iya tsayar da komai ranar biyan kuɗi. Ka kuma tuna da shuf'a: a fiƙihun Malikiyya, wanda kuke tarayya da shi a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin karɓar kasonka a kan kuɗin da bare ya saya. Maƙwabci ba shi da wannan haƙƙin, amma yi masa tayi ladabi ne, kuma sau da yawa shi ne ya fi kowa son ya faɗaɗa gidansa.

Sai kuɗi. Abin da ka kashe wajen gini ba shi ne farashi ba, haka ma abin da kake bukata don biyan bashi ko sayen wani gidan. Nemi gidaje uku ko huɗu irin naka da aka sayar kwanan nan a unguwar, ka ji nawa aka sallama su, ba nawa aka yi musu kuɗi ba. Kwatanta girman fili, kusanci da titi, ko mota na shiga lungun, ko layin yana cin ruwa da damina. Gida mai tsada sosai ya cancanci a biya ƙwararren mai kimanta kadara. Ka bar ɗan wurin ragi, tunda Bakano ba ya sayen abu bai nemi ragi ba, amma kaɗan. Gidan da aka tsawwala wa kuɗi zai yi watanni yana zaga bakin dillalai, daga nan a fara cewa "gidan nan ya daɗe a kasuwa, akwai dalili", ka ƙare da sallamawa ƙasa da abin da za ka samu a makon farko.

Gyara kuma a yi shi da lissafi. Toshe yoyon rufi, canja silin da ruwa ya yi wa taswira, yashe masai, share kwata, shafa fenti a gaba da falo. Ba na ba da shawarar sabon tayil ko sake fasalin kicin, domin mai saye zai iya fasa su ya sa nasa. Biya bashin wutar KEDCO ka ajiye rasit. In akwai rijiyar burtsatse, kunna ta a gabansa ya ga ruwa na zuba. In da 'yan haya a ciki, sanar da su da wuri, ka ba su wa'adin da ya dace.

Wajen dillali, ɗaya ko biyu amintattu sun isa. Idan ka watsa gidan ga kowa, kowane zai ɗora nasa, mai saye ya ji kuɗi kala uku a kan gida ɗaya ya tsorata. Ku yanke maganar la'ada tun farko, nawa ce, wa zai biya, kuma a gaban shaida. Ka nemi a haɗa ka da mai saye ido da ido kafin sallamawa.

Tayin farko da ya zo kusa da kuɗinka, kada ka yi saurin cewa albarka da tunanin wani zai fi shi. A irin wannan kasuwa tayi yana zuwa, amma ba a jere ba. Dubi yadda za a biya: mai biya gaba ɗaya a ɗan ƙasa ya fi mai kuɗi sama da zai biya kashi-kashi. Idan an ba da kafin alƙalami, a rubuta ranar cikawa da abin da zai faru in ba a cika ba.

Ranar ciniki, lauya ya rubuta takardar sauya mallaka, shaidun kowane ɓangare su sa hannu. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta wajabta neman amincewar gwamna kafin a sauya mallakar fili mai satifiket, don haka ku fayyace wanda zai bi wannan da kuɗinsa. Kada ka dogara da alat ɗin waya. Shiga asusunka ko ka je banki ka tabbatar kuɗin sun zauna, sannan ka miƙa makullai da takardun asali, ka riƙe kwafin kowace.