Yadda muke sarrafa shara mai ƙaramin tururin nukiliya

Na yi shekaru a wata masana'antar tace yuraniyom a arewa kafin in dawo Yamai, kuma duk sabon yaron da aka haɗa ni da shi, kwandon shara nake fara nuna masa. Sharar tamu ba ta da kamar abin tsoro. Safar hannu ce, da tsumma, da rigar aiki, da matatar iska da ta toshe, da guntun bututu. Ba wari, ba zafi, shi ya sa ake raina ta.

Ka rarrabe ta tun a inda ta fito. Mai matsuwa daban, ƙarfe daban, mai ruwa daban. Tsumma ɗaya mai gurɓata in ya faɗa cikin sharar ofis, buhun nan gaba ɗaya ya zama namu. Kafin ka ɗaure leda, ka kara mata na'urar awon tururi, ka rubuta abin da ta nuna, da kwanan wata, da ɓangaren da ta fito.

Sannan ka san me ke ciki, don shi zai gaya maka ko jira zai yi magani. Sharar asibiti tana da sauƙi: ƙarfin teknesiyom-99m yana raguwa da rabi duk awa 6, na ayodin-131 duk kwana 8. In aka ajiye har ya rabu sau 10, abin da ya saura bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba, sai a sake aunawa a sallame ta. Tamu ba haka take ba, don radiyom da yuraniyom ne a cikinta. Radiyom-226 sai ya shekara 1,600 kafin ya ragu da rabi, yuraniyom-238 kuwa shekara biliyan 4.5. Wannan sai killacewa.

Mai matsuwa a danna ta da inji cikin ganga mai lita 200. Laka da ruwan wanki a kwaɓa su da siminti su daskare a cikin gangar. A liƙa alamar gargaɗin tururi mai fukafukai uku, a sa lamba, a shigar cikin rajista, don ita ma'aikatan ARSN, hukumar da ke sa ido kan harkar nukiliya a Nijar, za su nema in sun zo bincike.

Ƙura ce babbar abokiyar gaba, musamman da hunturu. Kada tsintsiya ta shiga wurin, da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa. Ba shayi, ba goro, ba taba. Ɗan ma'aunin ƙirjinka, mai ƙirga tururin da jikinka ya ɗauka, kuma ba na aljihun tebur ba ne. Da milisibat ake auna wannan tururi: iyakar ma'aikaci milisibat 20 ce a shekara, ta sauran jama'a 1.

Inda na fi tsanantawa shi ne bakin ƙofa. A ƙasarmu gangar da ba komai ciki dukiya ce, a tara ruwa ko maƙeri ya yanka ta. Wata rana wani dattijon mai gadi ya tare ni, ya ce, "Ɗana, wannan ai an wanke ta, ka bar min ita mana, uwargida za ta zuba ruwa." Na ji nauyinsa ƙwarai. Na ɗauko na'ura na kara a gindin gangar, inda tsatsa ta riƙe garin rawaya, wato garin yuraniyom da aka tace, na'urar ta shiga ƙara. Na ce, "Baba, ka ji da kunnenka." A Goyaniya ta Brazil, a 1987, ta hannun 'yan gwangwan sinadarin siziyom-137 ya shiga gidaje, mutum 4 suka rasu. Sati na zagayowa na sayo masa sabuwar ganga ta roba a kasuwa.