Yadda Ake Gano Abin da Ke Sa Motar Gudu Fizgar Sitiyari

Da zarar sitiyari ya fara ja, sababbin masu motocin gudu sai su garzaya wurin alayimen, wato saitin ƙafafun mota. Su biya kuɗi, su fito, motar ta ci gaba da halinta. Ni dai a wurina alayimen shi ne abu na ƙarshe da za a taɓa.

Fara da rarrabe ciwon, domin iri biyu ne. Akwai motar da kullum gefe ɗaya take ja, ko da titin sumul yake. Akwai kuma wadda ke bin duk wani kwari da tireloli suka shata a kwalta, yanzu ta fizge ka dama, anjima hagu. Na biyun ba lallai ne wani abu ya lalace ba. Mota irin BMW M3 samfurin E46, mai taya mai faɗin milimita 225 a gaba da 255 a baya, dole ta fi Corolla jin kwalta. Kuma ana gina titi da ɗan gangara don ruwa ya zurare, saboda haka ɗan zamewa zuwa dama a hannun dama ba laifi ba ne.

Sai iska. A auna da safe kafin taya ta yi zafi, bisa lambar da ke manne a jikin ƙofar direba. Ka sayi gejinka na auna iska, ba shi da tsada. Na mai faci ya sha faɗuwa ƙasa, kar ka yarda da shi.

Yanzu ga inda kowa ke tsallakewa. A kwance tayoyin gaba biyu, ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama, sannan ka koma kan titin da ka fara jin motar tana ja, da irin gudun farko. Idan jan ya juya ɗaya gefen, ko ya ɓace, magana ta ƙare: taya ce. Wata tayar tun daga masana'anta ba ta fito daidai ba, wata kuma wayoyin cikinta sun saki, kana kallonta lafiya lau amma tana tura motar gefe. Babu injin alayimen da zai nuna maka wannan. Duba jikin tayar tukuna: in akwai kibiyar da ke nuna inda take juyawa, musayar ta gwaji ce kawai a busasshen titi, a mayar da su da zarar an gama. A mota irin M3, kar a kai ta baya gaba, faɗinsu ba ɗaya ba ne. Ka kuma karanta lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan rubutun DOT a jikin tayar, su ne lokacin da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Masu sayen tayar Beljiyam ɗai-ɗai, kamfani daban a kowace ƙafa, su suka fi fama da jan da taya ke jawowa. Tayoyin gaba a saye su tare, iri ɗaya, ko a haƙura.

In musayar ba ta canza komai ba, ka yi ɗan tafiya ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya ka kai hannu kusa da kowane rim. Wanda ya fi zafi, birkinsa ne ke riƙewa.

Daga nan a ɗaga motar, bakanike ya girgiza ƙafafun, ya duba bushin (robar mahaɗin ƙafa), bol joyin (mahaɗin da ƙafa ke juyawa a kai) da tayirod (sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafa). A E46 bushin ƙafar gaba ya yi suna wajen saurin mutuwa, kuma shi ke ƙara bin kwarin titi. In ka sa sifesa (farantin da ke turo taya waje) ko rim mai fitowa waje don ado, cire shi ka gwada.

Sai yanzu alayimen. Ka ce a ba ka takardar awon. Karkatar ƙafar dama da ta hagu kar su bambanta fiye da rabin digiri, kuma kan tayoyin gaba ya ɗan dubi ciki kamar yadda kamfani ya tsara, domin in ya buɗe waje motar za ta ƙara yawo.