Darasi na 7: Zafin Inji a Tsohuwar Bas

Tsohuwar bas, ko Toyota Hiace ce ko Peugeot J5, ba abin da ke kashe mata inji da wuri kamar zafi. Taya ta yi faci, a liƙe. Fulogi ya mutu, a sake. Amma in inji ya tafasa har gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone, sai bakanike ya sauke kan inji, kuɗin aikin kuwa yakan cinye cinikin makonni. Mafi yawan abin da ke hana haka, mai mota zai iya yinsa a ƙofar gida.

Ka fara da safe, kafin ka tayar da ita. A Hiace injin yana ƙarƙashin kujerar gaba, sai ka ɗaga ta. Buɗe murfin lagireto, ruwa ya kamata ya kai wuya. In kullum sai ka ƙara, to akwai inda yake yoyo. Dubi ƙasan motar, ka bi tiyo na sama da na ƙasa kana matsawa da hannu. Wanda ya kumbura, ko ya yi laushi kamar dafaffiyar kabewa, ko ya bushe ya tsattsage, a sake shi tun bai fashe a hanya ba.

Murfin nan da ake rainawa yana da babban aiki. Ruwa a fili yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai kyau yana matse shi, ya sa ba zai tafasa ba sai wajen digiri 120. Juya shi ka dubi robar ciki. In ta tsage, sayi sabo mai lamba ɗaya da ta tsohon, yawanci 0.9 ko 1.1. Toshe bakin lagireto da leda ko tsumma ɓarna ce.

Sai irin ruwan. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin datti kamar wanda kake gani a gindin butar shayi, shi ke toshe ƙananan hanyoyin lagireto, ga kuma tsatsa. Gara ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan, kore ko ja. Mai kauri ana gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir. A juye a sake duk shekara biyu. Lokacin hunturu kuma ƙura da ƙaiƙayi suna cika fuskar lagireto, a wanke ta da ruwa mai sauƙin ƙarfi daga baya zuwa gaba.

Fanbel shi ke juya famfon ruwa. Danna tsakiyarsa da babban yatsa, ya lotsa kamar santimita 1. In ya fi haka zai riƙa zamewa yana kuka, in kuma ya yi tauri da yawa zai cinye boris ɗin famfo.

Akwai wata al'ada da ta yi yawa a garejinmu: da mota ta fara zafi sai a cire tamostat a jefar. Wannan kuskure ne. Shi ɗan bawul ne da ke buɗewa wajen digiri 82, ya bar ruwa ya wuce daga inji zuwa lagireto. In babu shi, inji yakan daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai da yawa, ya lalace da wuri. In ana zarginsa, a saka shi a tukunyar ruwa a kan wuta. Mai lafiya zai buɗe tun ruwan bai tafasa ba.

Masu sha'awar mota har yau suna tuna manyan motocin gudu na Amurka, irin Pontiac GTO ta 1964 da Dodge Charger ta 1968. GTO tana da silinda takwas da inji mai lita 6.4, fiye da ninki uku na Hiace mai lita 2. Tsadar mai da ta biyo bayan takunkumin mai da ƙasashen Larabawa suka sanya a 1973 tana cikin abin da ya kawo ƙarshen zamaninsu. Amma da yawa suna tafiya har yanzu, masu su na gyara su a gida, kuma in ka buɗe bonet ɗinsu abin da ke cikin bas ɗinka za ka tarar: kafireto, fanbel, lagireto da tamostat.

In allurar zafi ta hau kana kan hanya, ka faka ka kashe mota. Kada ka taɓa murfin sai bayan aƙalla minti 30, don ruwan yakan yi tsartuwa ya saluɓe fuska da hannu. Kada ka kwarara ruwan sanyi a inji mai zafi, ƙarfen yana iya tsagewa. Bayan ya huce, zaro ma'aunin baƙin mai. In man ya koma kalar shayi da madara, ko salansa na fitar da farin hayaƙi mai yawa, gasket ya tafi. A ja ta zuwa gareji, kada a sake tayarwa.

Aiki: Gobe da safe duba murfin lagireto na motar da ke kusa da kai, ka rubuta lambar da ke kansa a littafinka.