Yadda ake bin asalin kalma a harshen Hittiyawa

Duk wanda zai bi diddigin asalin wata kalma a harshen Hittiyawa, wata al'umma ta zamanin da, wanda aka riƙa tono allunansa na yumɓu a Hattusa, babban birninsu da ke ƙasar Turkiyya ta yau, tun daga shekarar 1906, sai ya fara tabbatar da cewa abin da ke gabansa Hittiyanci ne. Marubutan fada sun ari salon rubutu daga Mesofotamiya, yankin Iraƙi ta yau, kuma sukan rubuta alamar Sumeriyanci, wani tsohon harshe na can, su furta ta da harshensu. Masana kan juya irin waɗannan alamu da manyan haruffan boko: idan ka ga LUGAL, sarki ake nufi, amma Bahitte hassus yake cewa, ita ce kuwa kalmar da za ka bincika.

Daga nan sai ka tattara duk siffofin da kalmar ta zo da su, ka fifita na tsofaffin alluna. Kalmar watar, wato ruwa, wadda ta taimaka wa masani Bedřich Hrozný ya warware harshen a 1915, takan koma wetenas idan ana nufin "na ruwa", kuma wannan musaya tsakanin r da n shaida ce ta tsufanta.

Kada ka yi gaggawar zuwa Girkanci ko Latin. Fara kwatanta kalmar da 'yan uwanta na Anatoliya, wato yankin Turkiyya ta yau, irin su Luwiyanci da Lidiyanci, sannan ka waiwayi dangi na nesa. A nan ne, a ganina, aka fi yin tuntuɓe, domin kama da wane ba ta wane: ba a karɓar dangantaka sai an ga sauti ɗaya yana sauyawa iri ɗaya a kalmomi da dama. Dubi hant, mai ma'anar goshi ko gaba, da anti ta Girkanci da ante ta Latin. Sautin maƙogwaro na h da ke farkon hant ya ɓace a Girkanci da Latin, amma masanin harsuna Ferdinand de Saussure ya yi hasashen irinsa tun 1879, kafin masani Jerzy Kuryłowicz ya nuna a 1927 cewa Hittiyanci ya adana shi.

Idan kalmar ta ƙi bin ƙa'ida, ka zargi aro, musamman daga harshen Hatti, mutanen da suka riga Hittiyawa zama a ƙasar, ko na maƙwabtansu Hurriyawa. Ka kuma duba inda aka same ta: a allunan horar da dawaki na Kikkuli, mutumin daular Mitanni, kalmar aikawartanna, wato zagaye ɗaya, daga dangin harshen Sanskirit na tsohuwar Indiya ta fito.