Yadda za ka karanta Dune ba tare da ka ajiye shi a rabi ba

Sau biyu ina fara littafin nan na Frank Herbert, ƙagaggen labarin wata duniya, ina ajiyewa. A karo na uku na kai ƙarshe, cikin jirgin ƙasa tsakanin Agege da Oyingbo a Legas, safe da yamma, wata guda cur.

Kafin ka taɓa babi na farko, juya can baya. Marubucin ya jera ma'anar baƙin kalmominsa. Saka 'yar takarda a wurin, don za ka yi ta komawa. Shafukan farko akwai nauyi, sunaye rututu: Atreides, Harkonnen, Bene Gesserit. Kada ka tsaya haddace su. Riƙe yaron nan Paul, da duniyar Arrakis inda ba a ruwan sama, da sinadarin melange da ba a samu ko'ina sai can, wanda tafiya tsakanin taurari ba ta yiwuwa sai da shi. Wanda ya san abin da fetur ya jawo wa Neja Delta ba sai an yi masa bayani ba.

Daga nan ka bi ruwa, shi ne zuciyar labarin. Mutanen hamadar, Fremen, suna sa tufafin da ke tace guminsu su sake sha. Tofa yawu a gabanka girmamawa ce, don mutum ya ba ka danshin jikinsa. Ranar da na karanta inda suka yi mamakin Paul yana zubar da hawaye saboda mamaci, da na sauka na daɗe ina kallon mai ruwan layinmu yana tura kura da jarkoki goma, gumi na ɗiga daga haɓarsa. A Nguru na taso, na ga yadda rairayi ke cinye gonaki ta wajen Yusufari. Shi ma Herbert daga tuddan rairayi na Oregon a Amurka tunanin ya zo masa a 1957, inda ake dasa ciyawa don tsayar da su.

Za ka ci karo da Mahdi, da jihadi, da Lisan al-Gaib. Aro Herbert ya yi daga Larabci, ba karatun addini ba ne, kada ka ɗauke shi haka. A labarin, matan ƙungiyar asiri ta Bene Gesserit ne suka shuka wa Fremen almarar mai ceto tun da daɗewa don amfanin kansu. Ka lura da tsoron Paul: yana hango jinin da za a zubar da sunansa, kuma bai tsaya ba. Nan ne ya fi taɓa ni.

Fina-finan 2021 da 2024 ka bar su sai ka gama. Littafin ya fito a 1965, kuma har yau ana sake buga shi. Nawa na saya a wurin masu tsofaffin littattafai a Yaba. In a can za ka saya, duba shafukan baya tukuna, su ne suke fara yagewa.